Damin da Aka Mayar

A Tungan Mayaƙi, wani ɗan ƙauye da ke bayan Matankari, idan ka hango dogon dattijo mai ɗan rankwafawa yana tafe da abu a hannu, ba sai ka tambaya ba, Mani ne. Abin da ke hannun ne kawai yake canzawa. Yau ƙwan zabi ne ƙulle a tsumma, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi igiyar da ya tufka da kansa. Tun da ya yi wayo ba a taɓa ganin ya shiga gidan mutum hannu rabbana ba, ko da aron hauya ne ya kai shi. Matarsa Lantana takan ce ranar da ajali zai zo, sai Mani ya roƙe shi ya ɗan dakata ya nemo masa abin gaisuwa. Shi ba ya dariya in an yi wannan zolayar. A ganinsa wanda ya je neman biyan buƙata babu komai a hannu roƙo ya je yi, shi kuwa ubansa bai haifi maroƙi ba.

Manomi ne da damina, mahaƙin rijiya da rani. Ya haƙa rijiyoyi tun daga Matankari har ƙetaren iyaka wajen Kamba, kuma a ɗaya daga cikinsu ne ƙasa ta rufta masa har ƙirji, aka yini ana tono kafin a zaro shi. Daga nan ya samo rankwafawar. Bai taɓa zama a aji ba, takarda kuwa in ba ta allo ba ce tsoronta yake ji. Abin da ya gada a wurin ubansa gonaki biyu ne: ta tudu, mai yashi, wadda sai ruwa ya yi mata gata take ba da abin kirki, da ta fadama, mai baƙar ƙasa, wadda ko a mugunyar shekara ba ta kunyata mai ita. A kan wannan ta fadamar ce duk abin da ya sami Mani ya same shi.

A shekarar babbar yunwar nan da ta koro mutanen arewa, shekara arba'in ke nan, wani baƙo mai suna Idris ya sauka a ƙauyen da iyalinsa da yayarsa Sahura, ba su da ko akuya. Mani yana saurayin magidanci a lokacin, 'ya'yansa ƙanana, gonar tudu ta ishe shi. Sai ya ba Idris aron ta fadama. Aron gona a ƙasar nan yana da ƙa'idarsa, kowa ya san ta. Duk kaka mai aro zai ɗaure dami guda na gero ya kai gidan mai gona da rana tsaka, ta tsakiyar gari, don mutane su gani. Damin ba ya cika rumbu, amma shi ne yake tuna wa gari gonar ta wane ce. Kuma mai aro ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, don waɗannan aikin mai ƙasa ne.

Shekara uku Idris yana kawo damin, Sahura tana biye da shi da ƙwaryar fura. A ta huɗu fari ya cinye amfanin gona. Duk da haka Idris ya tattaro 'yan zangarniyoyin da suka tsira, ya ɗaure wani ɗan ƙanƙanin dami mai ban tausayi, ya kawo. Mani ya dubi damin, ya dubi haƙarƙarin mutumin, ya ce ya mayar ya ba yara. Idris ya nace, Mani ya rantse ba zai karɓa ba, ba wannan shekarar kaɗai ba, har gaba. Da baƙon ya tafi Lantana ta fito daga madafa.

"Malam, damin ga ba don cikinmu anka ce a kawo shi ba," in ji ta. "Don idon mutane na."

Ya ce mata yaran mutum suna kwana da yunwa, da wane baki zai ci hatsinsu? Ta koma madafa, don ta san in ya rantse an gama. Ranar Mani ya kwana yana jin daɗin kansa, kuma gaskiya babu wanda zai ce mugun abu ya yi.

Daga nan abu ya yi ta tafiya. Idris ya riƙa zuwa kowace kaka da godiyar baki, daga baya godiyar ma ta koma gaisuwar hanya. Da ya ce yana son ya yi ɗan lambu da rani, Mani da kansa ya ɗauko kayan aiki ya haƙa masa rijiya a gonar, zurfinta gaba bakwai, ruwanta garai-garai. Da ya so dasa mangwaro, Mani ya ce ya dasa, ai inuwa ta kowa ce. Tsofaffin da suka ga dami yana ratsa gari suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Sahura ta yi aure a Lugu ta tafi, yaran da aka haifa daga baya suka tashi suna kiran wurin gonar Idi.

Bara waccan Idris ya rasu. A daidai lokacin ne Tukur, ɗan Mani na fari, ya dawo daga haƙar zinariya a arewa da tari a ƙirji, da mata, da yara huɗu, babu komai a aljihu. Gonar tudu ta gaji, ba za ta ciyar da gida biyu ba. In ba a samu ta fadama ba, Tukur zai sake komawa ramin da ya kusa kashe shi. Mani ya bari aka yi sadakar arba'in, sannan ya ɗauki goro ya tafi Dogon Dutsi wurin Luƙman, ɗan marigayin, wanda ke da shagon kayan babur a bakin kasuwa.

Luƙman ba mutumin banza ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Ya tashi ya ba Mani kujerarsa, ya kawo masa ruwan sanyi, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce shi a gonar nan ya rarrafa, a nan ya ga ubansa ya tsufa, kuma tun da yake bai taɓa ganin dami ya fita daga gidansu zuwa gidan kowa ba. Haƙƙin magada ne, akwai ƙannensa mata a ciki, ba zai ba da shi a kan labari ba. Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Mai gari ya yi zaman sulhu bai yiwu ba, aka je gaban sarki nan ma haka, magana ta kai kotu a Dutsi. Mani ya sa rigarsa ta Salla ya je shi kaɗai, da tabbacin cewa in ya ba da labarin yadda aka yi, kowa zai gane. Ya kuwa ba da shi, tun daga shekarar yunwa, tafinta yana guntule masa zance yana miƙa wa alƙali da Faransanci. Aka tambaye shi yaushe rabon da a kawo masa dami. Ya ce shekara talatin da 'yan kai, kuma shi ya hana. Aka ce wa ya haƙa rijiyar da ke gonar? Ya daki ƙirji ya ce shi ya haƙa ta da hannunsa. Aka ce mangwaron fa? Ya ce shi ya ba da izini. Aka ce yana da shaida mai rai? Ya tuna da Sahura, amma ya haɗiye sunan, don ba zai jawo tsohuwa ta tsaya gaban hukuma ta ƙaryata ɗan ƙanenta ba. Ya ce Allah ne shaidarsa. Duk amsar da ya bayar yana ganin tana nuna kirkinsa, alhali ramin kansa yake haƙawa. Aka ba Luƙman gona, aka ba Mani takarda mai hatimi. Ya kawo ta gida Lantana ta ninke ta, ta saka a ƙarƙashin kwanonin jerenta.

Bayan 'yan makonni Tukur ya ji sanarwa a rediyo. Wai akwai wata lauya, Metir Bushira (Metir laƙabin lauyoyi ne da Faransanci), da ke zuwa Dutsi daga Yamai ranar Juma'ar farko ta kowane wata, tana sauraron talakawa, tana tsaya musu a kotu ba tare da an biya ta ba. 'Yar Tibiri ce, uwarta mai sayar da ƙosai. Tana yarinya ta ga yadda aka yi ta yawo da uwar a kan filin gidansu, wannan ya ce a kawo kaza zai kai magana gaba, wancan ya ce a kawo tunkiya, har abin da ke gidan ya ƙare, filin ma ya tafi. Shi ya sa da ta zama lauya ta ɗaukar wa kanta alkawari biyu: za ta ware wa marasa ƙarfi kwana ɗaya a wata, kuma ba za ta karɓi ko tsinke a hannunsu ba. Abokan aikinta a Yamai suna yi mata dariya, suna cewa ta buɗe ofishin sadaka, ita kuwa ko a jikinta.

Mani bai yarda akwai aikin da ake yi a banza ba, amma ya shirya. Ya zaɓi zabon da ya fi kowanne ƙiba a garkensa, ya ɗaure masa ƙafafu, ya hau motar kasuwa. Wani ɗakin makaranta aka ara mata, mutane sun yi layi har bakin ƙofa. Ya zauna a kan benci tun hantsi, zabon a tsakanin ƙafafunsa, sai bayan an sauko daga masallaci layi ya zo kansa.

Ya tarar da mace 'yar siririya da tabarau, ba ta kai Tukur shekaru ba. Ta gaishe shi da harshen gida, ta kira shi Baba, ta ce ya fara daga inda yake so. Ya fara daga shekarar yunwa, kuma ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. Tun da aka soma wannan rigima babu wanda ya saurare shi haka, har sai da ya ji idonsa yana zafi. Da ya gama ta tambaye shi, a cikin waɗanda suka ga damin nan da idonsu, babu ko mutum ɗaya da ya rage? Ta yi ta lallaɓa shi har sunan Sahura ya fito. Ta ajiye alƙalami ta ce to akwai hanya. Ana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun gaba, amma doka ta yanke kwanaki, in suka wuce an rufe ƙofa. Ta tambayi ranar da aka yanke hukuncin, ya ce ana saura kasuwa biyu ko uku a fara sharar gona. Ta tambayi takardar, ya ce tana gida. Ta ce to lallai ya kawo ta Juma'a mai zuwa, ba ranar zuwanta ba ce amma za ta taso daga Yamai saboda shi.

Mani ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ya sunkuya ya ɗauko zabon da hannu biyu ya ajiye a gefen teburinta.

"Ga ɗan abin miya, ɗiyata."

Ta yi murmushi ta ce a'a, ya koma da shi. Ya ɗauka irin a'ar kunya ce da ake yi kafin a karɓa, ya ƙara turawa. Ta sake cewa a'a. Ya ce ai ba biya ba ne, gaisuwa ce. A nan ta ɗan ɗaga murya, ba don faɗa ba, don dai na kan layi su ji su san ba a kawo mata komai.

"Baba, aikin ga kyauta na. Ko ƙwai guda ba ni amsa. Ɗauki abinka, sai Juma'a."

Ta kira na bayansa. Mani ya ɗauki zabonsa ya fito, kuma hanyar tasha ta tsakiyar kasuwar Juma'a ta bi. Mutum ya tafi da gaisuwa ya dawo da ita a hannu, zabon kai a ƙasa yana kuka, ga 'yan garinsu zaune a rumfuna suna kallo. Wani ya tambaye shi ko na sayarwa ne. Wani da ya san inda ya je ya kama baki. A motar komawa wani mai shegen surutu ya ce ai mutanen birni duk bakinsu ɗaya, wa ya sani ko mai shagon babur ya riga shi kai abin da ya fi zabo. Maganar ta zauna wa Mani a rai. Shi abin da ya sani tun yana yaro, in ka kai wa babba gaisuwa ya karɓa, ya ɗauki maganarka. In ya maido maka, ya sallame ka ne cikin mutunci, daɗin bakin da ya biyo baya na rage zafi ne kawai.

Juma'a ta zo bai je ba. Lantana ta yi magana, Tukur ya ce a ba shi takardar ya kai, Mani ya ce babu mai sake kai sunansa inda aka kunyata shi. Metir Bushira kuwa ta taso daga Yamai tun asuba, ta zauna a ɗakin makarantar ita kaɗai har la'asar. Ba ta da lambar kowa a gidan. Ta ba wani direban Matankari saƙo, saƙon ya isa, Mani ya ce ya ji. Wata shari'a ta riƙe ta a Yamai mako biyu. Da ta samu kanta, ruwan farko ya riga ya sauka, mota ba ta shiga Tungan Mayaƙi, sai ta hau babur daga Matankari ta iso da taɓo har gwiwa.

Ta tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Ya yi mamaki, ya kuma ji kunya, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba ta nemi takardar. Lantana ta ɗaga kwanoni ta ɗauko. Metir ta duba kwanan watan da ke jikin hatimin, ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa, sannan ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Wa'adin ya wuce da kwana huɗu.

Haushi da baƙin ciki suka haɗu mata. Ta ce ta jira shi yini guda, me ya hana shi zuwa?

"Kin maido min zabona gaban mutane," in ji Mani, yana kallon ƙasa. "Nan wurinmu in anka yi ma haka, an gaya ma ba a yi. Ni haka nis sani."

Ta ce ita don kada a ci talaka ta hana, ta ba shi labarin uwarta da kajin da aka cinye. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya saka mata, amma shi da ta karɓa ko fiffike ɗaya ne, da ya kwana a ƙofar makarantar ranar Alhamis. Lantana tana tsaye a bakin zaure da ƙwaryar ruwan da ta kawo wa baƙuwa. Shekara talatin da shida tana riƙe da maganarta, ranar ta sake ta.

"Kai ma haka kay yi ma Idi."

Mani ya ci gaba da murza ƙotar hauyar a hannunsa, ba ya ma ganin abin da yake yi.

Metir Bushira ba ta saki maganar nan take ba. Ta je har Lugu ta samu Sahura, tsohuwa tukuf amma hankalinta garau, ta ɗauko ta a mota ta kai ta shagon Luƙman. Gwaggon ta gaya masa a gaban lauya cewa da ƙafarta ta raka damin sau huɗu, na huɗun aka maido musu, kuma tuwon damin nan ne ya raya yayyen Luƙman a shekarar fari. Luƙman ya yi gumi, ya ce bai ƙaryata gwaggonsa ba, amma kotu ta yanke, an riga an raba gado, ƙannensa sun san rabonsu, ba shi da ikon warwarewa. Abin da zai iya, zai ba Tukur aron gefen da ke bayan rijiya ya noma. Aro, a gonar kakansa. Mani ya so ya ƙi, amma ya ji tarin Tukur daga cikin ɗaki, ya ce to. Metir ta ja shi gefe ta ce ya noma, amma kada ya kuskura ya kai dami, don ranar da ya kai ya amsa da bakinsa cewa gonar ba tasa ba ce, ita kuma ba ta fid da rai da samun wata hanya ba. Ya ce ya ji.

An yi shuka a makare, amma baƙar ƙasa ba ta kunyata su ba. Bayan kaka sai ga sanarwa a rediyo cewa wata ƙungiya za ta karrama lauyoyin da ke taimakon talakawa kyauta, za a yi taron a Dutsi ranar Juma'a, kuma Metir Bushira ce kan gaba. Mani ya shiga rumbu ya zaɓi zangarniya mafi tsawo, ya ɗaure dami biyu da igiyar da ya tufka, ɗauri irin na da, wanda ba ya kwancewa. Lantana ta ga biyu ne, ta dube shi, ba ta tambaya ba.

Ranar taron an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, manya sun sha manyan riguna. Masu jawabi suka yi ta yi. Aka ce lauyoyi kusan duk suna Yamai, talakan ƙauye yana shiga kotu kamar makaho, ya kamata matasan lauyoyi su yi koyi da wannan baiwar Allah. Wannan gaskiya ne, kuma mutanen da ta fitar daga kaso da matan da ta karɓo wa gadonsu suna zaune a wurin suna share hawaye. Sai wani mai babbar murya ya ce abin da ya fi burge shi, shekara shida tana wannan aiki ko ruwan talaka ba ta taɓa sha ba. Aka yi tafi kamar rumfa za ta faɗi. Ita kaɗai ce ba ta yi murmushi ba. Aka miƙa mata takardar yabo a cikin gilashi, masu hoto suka taso.

A daidai nan Mani ya ratso tsakiyar kujeru da dami a ka, yana rankwafe, ƙaiƙayi yana zuba a kan rigunan manya. Wani ya tashi zai tare shi, ta ce a bar shi. Ya sauke damin a gabanta, ya tsaya yana haki.

"Shari'a ta ƙare, ɗiyata, ba ni neman komi. Wanga na wahalar da kinka sha na, da taɓon da kinka taka."

Ido duk ya koma kanta, don yanzun nan aka gama yabon ba ta karɓa. Ta dubi damin, ta dubi tsohon. Sai ta miƙa wa na kusa da ita takardar yabon, ta durƙusa ta rungumi damin da hannu biyu, da leshinta da komai, ta ɗaga shi da ƙyar.

"Na amsa, Baba. Na gode."

Wasu suka yi tafi, wasu suka rasa abin yi. An ce tun daga ranar akwai kwando a bakin ɗakin makarantar, mai ƙwai ya ajiye, mai kuɓewa ya ajiye, wanda ba shi da komai ya wuce ba mai kallonsa, a dafa wa 'yan layi abin da aka tara. Mani bai tsaya ganin ƙarshen taron ba. Ta bi shi da ido, ta ga ya nufi inda ya jingine ɗaya damin a gindin bishiyar bedi, ta gane inda za shi. Ta kira shi sau biyu, bai waiwayo ba.

Ya ratsa kasuwa da rana tsaka, ta inda ya bi da zabo watannin baya, har shagon kayan babur. Ya sauke damin a bakin ƙofa ya ce na gonar bayan rijiya ne. Luƙman ya fito ya tsaya a kansa. Kunya ta kama shi, har ya buɗe baki kamar zai ce a mayar a ba yara, Mani kuwa yana tsaye yana kallon bakin nasa. Amma Luƙman ya ji labarin gwaggonsa da kyau, ya san abin da mayar da dami yake jawowa. Ya leƙa shagon dama ya kira mai shi, ya leƙa na hagu ya kira wancan, ya ce su zo su gani da idonsu. Sannan ya sa hannu ya karɓa.